Ɗan Fim a Fagen Siyasa: Misalin Hamisu Lamido Iyantama na Kano da Mithun Chakraborty na Bengal

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe da dama an sha ganin ɗan wasan fim ya shiga siyasa har ya kai ga riƙe babban muƙami. A Amurka, Ronald Reagan ya yi gwamnan jihar Kalifoniya kafin ya zama shugaban ƙasa a 1981. A Indiya kuwa, abin ya zama ruwan dare, musamman a jihohin kudu da kuma jihar Bengal ta Yamma. Wannan takarda za ta dubi yadda lamarin yake a ƙasar Hausa ta hanyar bin sawun Hamisu Lamido Iyantama, jarumi kuma mai shirya fina-finai, wanda ya tsaya takarar gwamnan jihar Kano a 2007. Daga nan za a kwatanta shi da Mithun Chakraborty, ɗan ƙabilar Bengali, wanda Hausawa masu kallon fina-finan Indiya suka daɗe da sani.

Abin da ake so ɗalibi ya fahimta shi ne, farin jinin fim yana tara jama'a, amma ƙuri'a jam'iyya take bi. Bayan wannan, ɗan fim a Kano yana da ƙarin kaya biyu a kansa: irin kallon da al'umma ke yi wa sana'arsa, da kuma kasancewar gwamnatin da yake son karawa da ita ce ke riƙe da lasisin cin abincinsa.

2.0 Sunayen da ake kiran mai wannan sana'a

Kafin a shiga tarihi, ya kamata ɗalibin harshe ya lura da kalmomin da Bahaushe ke amfani da su, domin a cikinsu ake ganin matsayin da ya ba mai sana'ar.

Tsohon suna shi ne ɗan wasa, ko ɗan wasan kwaikwayo. A Hausa, kishiyar wasa ita ce gaske. Idan aka ce wa mutum maganarsa wasa ce, to an rage mata nauyi ke nan. Don haka duk wanda aka sani da wasa, idan ya fito neman mulki, sai ya fara shawo kan mutane cewa wannan karon da gaske yake.

Suna na biyu shi ne ɗan fim, mace kuma 'yar fim, jam'i 'yan fim. Wannan ya yaɗu ne bayan 1990, kuma a bakin wasu mutane yana ɗauke da ɗan raini, har akan ji iyaye na cewa ba za su ba ɗan fim aure ba.

Suna na uku shi ne jarumi ko jaruma. Asalin kalmar ta fagen yaƙi ce, wato namijin da ba ya gudu. Mujallu da gidajen rediyo su suka yayata ta ga mai jan ragamar fim, kuma da ita masu sana'ar suka fi son a kira su.

Akwai kuma wata tsohuwar fahimta da ke bayan waɗannan sunaye. A tsarin zaman Hausawa na gargajiya, makaɗi da mawaƙi da maroƙi suna kusa da sarki, suna cin alherinsa, suna kuma iya ɗaukaka shi ko su zubar masa da mutunci, amma ba a lissafa su cikin masu neman sarauta. Da fim ya zo da rawa da waƙa, sai mutane da yawa suka sanya ɗan fim a wannan sahu. Saboda haka ba a mamaki idan ya yi wa ɗan takara talla, amma akan ɗaga gira idan shi ne ɗan takarar.

3.0 Wasan kwaikwayo da siyasa kafin zuwan bidiyo

Dangantakar wasan kwaikwayo da siyasa a Kano ta girmi fim ɗin bidiyo. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi, yana sukar zalunci da cuta da al'adun da yake ganin sun hana talaka ci gaba. Haka kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya yi suna wajen shirya wasan kwaikwayo lokacin da yake malamin makaranta. An zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe ministan ma'adinai da wutar lantarki daga 1959 zuwa 1966, ya kuma nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 1978, inda Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara. Masu sauraron jawabansa sun shaida yadda yake sarrafa murya da fuska, abin da mai wasan dandamali ke ƙwarewa a kai.

Sai dai a lura, waɗannan mutane biyu a matsayin malamai jama'a ta karɓe su. Wasan kwaikwayo a wurinsu hanyar koyarwa ce, ba da shi suke cin abinci ba. Ɗan fim na zamanin bidiyo yanayinsa daban ne, domin fim ɗin shi ne kasuwarsa, shi ne kuma sunansa.

Wannan kasuwa ta faro ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Kafin nan, Hausawa sun shafe shekaru suna kallon fina-finan Indiya a gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, da kuma a talabijin. Da masu shirya fim na gida suka kankama, sai suka ɗauko salon soyayya da rawa da waƙa daga can. Wannan salo shi ya jawo musu kasuwa, shi ne kuma ya jawo musu fushin malamai.

4.0 Hamisu Lamido Iyantama

4.1 Sana'arsa

Iyantama yana cikin waɗanda suka gina harkar fim a Kano a shekarun 1990. Ya fito a fina-finai a matsayin jarumi, ya kuma kafa kamfanin Iyan-Tama Multimedia. Ɗakin kiɗan wannan kamfani yana cikin na farko da suka yi amfani da na'urar Yamaha wajen haɗa waƙoƙin fim, abin da jama'a suka raɗa wa suna kiɗan fiyano. Da wannan na'ura mutum ɗaya kan kwaikwayi sautin kalangu da sarewa da ganga ba tare da an tara makaɗa ba. Irin wannan kiɗa ne ya ɗaga fim ɗin Sangaya a 1999, ya kuma zama tambarin fina-finan Hausa na shekarun da suka biyo baya. Ke nan Iyantama ya shiga siyasa yana da suna, yana da jari, yana kuma cikin masu faɗa a ji a tsakanin abokan sana'arsa.

A wannan lokaci ne kuma dangantakar 'yan fim da gwamnati ta ɗauki sabon salo. Bayan ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim a watan Disamba na wannan shekara, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Kalmar tace an aro ta ne daga aikin gida, kamar yadda ake tace gasara a fitar da dusa. Tun daga nan, duk mai son sayar da fim a Kano sai ya bi ta hannun hukumar da gwamna ke naɗa shugabanta.

4.2 Takarar 2007

A zaɓen watan Afrilu na 2007, Iyantama ya tsaya takarar gwamnan Kano a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya mai suna New Democrats, wato ND. Gwamna mai ci a lokacin shi ne Malam Ibrahim Shekarau na jam'iyyar ANPP, babban abokin karawarsa kuma shi ne Ahmed Garba Bichi na PDP. Shekarau ne ya lashe zaɓen.

Domin a gane girman dutsen da Iyantama ya yi niyyar hawa, sai a dubi tsarin zaɓen kansa. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara don kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da shi. Kafin a ce ɗan takara ya ci gwamna, sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jihar. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, ga rumfunan zaɓe dubbai. A kowace rumfa ɗan takara yana buƙatar wakilin da zai tsaya masa tun daga safe har a gama ƙirga, a kowace mazaɓa kuma yana buƙatar dattawa da mata da matasan da za su bi gida gida. Manyan jam'iyyu sun gaji irin wannan tsari tun daga zamanin NEPU da NPC, da na PRP da NPN. Masu kallon fim kuwa suna da yawa, amma a warwatse suke. Wasu ba su kai shekarun zaɓe ba, wasu suna Maraɗi ko Damagaram ko Kumasi inda ba su da ƙuri'a a Kano, saura kuma kowa da jam'iyyar gidansu.

4.3 Tsintsiya da shari'ar da ta biyo baya

Watanni kaɗan bayan zaɓen, harkar fim ta shiga mawuyacin hali. A watan Agusta na 2007, wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyin hannu, jama'a suka fusata. Gwamnati ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin ƙa'idojin rajista, aka kuma riƙa gurfanar da mutane gaban kotun tafi-da-gidanka. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, an kuma ɗaure Rabilu Musa Ibro a 2008. Mutane da yawa daga cikin masu sana'ar suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos.

A cikin wannan yanayi Iyantama ya fitar da Tsintsiya a 2008. Ofishin jakadancin Amurka ne ya tallafa wa aikin, an kuma gina labarin a kan wani tsohon fim ɗin Amurka mai suna West Side Story. Jigonsa shi ne zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, kamar yadda sunan ya nuna, domin Bahaushe kan ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Zuma da aka yi a Abuja a wannan shekara.

Hukumar jihar Kano ta tuhume shi da laifi biyu: fitar da fim ba tare da ta tace shi ba, da gudanar da kamfani ba tare da rajistarta ba. Shi kuma ya kafa hujja da cewa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta riga ta ba shi takardar izini, kuma bai saki fim ɗin a kasuwar Kano ba. A nan akwai wani ƙulli na doka da ya kamata a sani. Tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya da ta jiha duka biyu ikon yin doka a kan tace fim, don haka takardar Abuja ba lallai ta wadatar a Kano ba. A ƙarshen watan Disamba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa hukuncin ɗauri da tara, aka kai shi gidan yari. A watan Maris na 2009 Babbar Kotun Jihar Kano ta soke wannan hukunci, ya fito.

Hukumar ta tsaya a kan cewa doka kawai ta bi. Magoya bayansa da 'yan jarida da dama kuwa sun ɗauki shari'ar a matsayin sakayyar takarar da ya yi da kuma sukar da yake yi wa hukumar a fili. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, darasin da sauran 'yan fim suka ɗauka ɗaya ne: wanda ya ja da gwamna a akwatin zaɓe, gobe zai koma gaban hukumar gwamnan neman izinin sayar da hajarsa.

5.0 Mithun Chakraborty

An haifi Mithun Chakraborty a 1950 a birnin Kalkata, hedikwatar jihar Bengal ta Yamma da ke gabashin Indiya. Yana saurayi ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi da ake kira Naxal, daga baya ya bar ta. Ya koyi aikin fim a makarantar fim ta gwamnati da ke birnin Pune. Fim ɗinsa na farko, Mrigayaa, wanda Mrinal Sen ya ba da umarni a 1976, ya jawo masa lambar gwarzon jarumi ta ƙasa. Amma fim ɗin da ya kai sunansa duniya shi ne Disco Dancer na 1982, inda ya fito a matsayin Jimmy, yaron talakawa da ya yi arziki ta hanyar rawa. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai a Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Afirka, har da ƙasar Hausa.

Majalisar dokokin Indiya kashi biyu ce. Akwai Lok Sabha, wadda jama'a ke zaɓen 'ya'yanta kai tsaye, akwai kuma Rajya Sabha, wadda 'yan majalisun jihohi ke zaɓen mafi yawan 'ya'yanta na tsawon shekara 6. A 2014 jam'iyyar Trinamool Congress ta Mamata Banerjee, wadda ta karɓi mulkin Bengal ta Yamma a 2011, ta tura Mithun zuwa Rajya Sabha. Wato duk da ɗimbin masoyansa, bai bi ta rumfar zaɓe ba, jam'iyya mai rinjaye ce ta ba shi kujera.

Zaman nasa bai yi tsawo ba. Sunansa ya fito a binciken kamfanin Saradha, wanda ya karɓi ajiyar talakawa ya durƙushe a 2013, domin ya taɓa yi wa kamfanin aikin talla. A 2015 ya mayar wa masu bincike kuɗin da aka biya shi. A watan Disamba na 2016 ya ajiye kujerarsa bisa dalilin rashin lafiya. A watan Maris na 2021 ya shiga jam'iyyar BJP a wani babban gangami da Firayim Minista Narendra Modi ya halarta a Kalkata. Ya zagaya jihar yana yi mata kamfe, jama'a suna tururuwar ganinsa, amma Trinamool ce ta lashe zaɓen na 2021 da babban rinjaye. A 2024 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Dadasaheb Phalke, wadda ita ce mafi girma a harkar fim ta ƙasar.

Akwai 'yan fim na Bengal da suka ci zaɓen kai tsaye, kamar Tapas Paul da Satabdi Roy a 2009, da Dev a 2014. Dukansu a ƙarƙashin Trinamool suka tsaya, a lokacin da tauraruwar jam'iyyar ke haskawa. Wanda ya fi kowa nisa a Indiya shi ne M. G. Ramachandran na jihar Tamil Nadu, wanda ya mulki jihar daga 1977 har rasuwarsa a 1987. Shi kuwa ya shafe shekaru a cikin jam'iyyar DMK kafin ya kafa tasa a 1972, ya kuma mayar da ƙungiyoyin masoyansa rassan jam'iyya a unguwanni da ƙauyuka.

6.0 Hanyoyi uku

Idan aka haɗa waɗannan misalai, za a ga ɗan fim yana shiga siyasa ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce takara. Ita Iyantama ya bi, ita ce kuma mafi wuya. A kudancin Nijeriya Desmond Elliot ya ci kujerar majalisar jihar Legas a 2015 a ƙarƙashin APC mai mulkin jihar, yayin da Funke Akindele, duk da kasuwar fina-finanta, ta faɗi a 2023 a matsayin mataimakiyar ɗan takarar gwamna na PDP. Wannan ya ƙara nuna cewa ƙarfin jam'iyya ya rinjayi ƙarfin suna.

Ta biyu ita ce talla ko kamfe, wadda ta fi dacewa da tsohon matsayin mawaƙi. Sani Musa Danja ya yi fice wajen tallata Goodluck Jonathan, Dauda Kahutu Rarara kuma ya yi wa Muhammadu Buhari waƙoƙi a 2015, ya yi wa Bola Tinubu a 2023. Irin wannan aiki Mithun ya yi wa BJP a 2021.

Ta uku ita ce naɗi, wadda sau da yawa takan zama ladan ta biyu. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya naɗa Isma'il Na'abba Afakallahu, wanda ɗan cikin harkar ne, ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ɗora jarumi Abba El-Mustapha a kan wannan kujera. A watan Janairu na 2024 kuma Shugaba Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos. Kujerar da aka yi amfani da ita wajen gurfanar da 'yan fim a 2007 da 2008 ta dawo hannun 'yan fim, amma ta hanyar alƙalamin gwamna ta dawo.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta dubi sunayen da Bahaushe ke kiran ɗan fim, ta bi tarihin Hamisu Lamido Iyantama daga ɗakin kiɗa zuwa takarar 2007 da shari'ar Tsintsiya, sannan ta kwatanta shi da Mithun Chakraborty. An ga cewa a Kano da Kalkata duka jam'iyyu suna son ɗan fim saboda taron da yake jawowa, kuma inda ya sami kujera, jam'iyya mai ƙarfi ce ta ɗauke shi. Bambancin shi ne, Mithun ya bar jam'iyya mai mulkin jiharsa ya koma abokiyar hamayyarta, ya kuma ci gaba da fitowa a fim, saboda babbar kasuwarsa tana Mumbai kuma hukumar tarayya ce ke tace fim a Indiya. Iyantama kuwa kamfaninsa da kasuwarsa da hukumar da ke tace shi duk a gari ɗaya suke. Ɗalibin da ke nazarin fina-finan Hausa zai amfana idan ya riƙa sauraron kalmar da mai magana ya zaɓa, ɗan wasa ko ɗan fim ko jarumi, domin daga ita ake gane ko ya yarda mai sana'ar ya cancanci neman mulki.